Riyal 2,300 ne a hannuna, A+ zan fara ko in tsallaka CCNA?

Sagir:
Assalamu alaikum wa rahmatullah. Manyanmu na wannan zaure, shawara nake nema. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci a nan Madina, kulliyar Shari'a, saura mini shekara biyu da rabi in gama in Allah ya yarda. Kafin in zo na yi difloma a fannin kwamfuta a gida, kuma ba na son abin ya mutu a hannuna. Tun bara nake tsimin mukafa'a, ɗan kuɗin da jami'a ke ba mu, na rage cin burost, wato soyayyar kaza, kantin Jarir kuma in na shiga kallo kawai nake yi in fito. Yanzu na haɗa riyal 2,300. Wani ya turo mini jerin shahadodin ƙwarewa a fannin kwamfuta da sadarwa, wai A+ ake farawa da ita, sai Network+, sai Security+, sannan CCNA. Da na lissafa kuɗin su huɗun sai da na ajiye wayar. Ta ina zan kama?

Malam Lawal:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Injiniya Bashir, Abu Hanan, Ummu Amira, ga ƙaninku nan. Masu tallan baucar biyan kuɗin jarrabawa kuma ku yi haƙuri, duk tallan da ya faɗo ƙarƙashin wannan magana zan goge shi.

Injiniya Bashir:
Sagir, amsa mini abu uku tukuna. In ka gama, gida za ka koma ko kana sa ran zama a nan? Ka taɓa kwance kwamfuta da hannunka ka mayar ta tashi? Turancinka kuma ya yake, don CCNA ba a rubuta ta da Larabci.

Sagir:
Gida zan koma, Yaya. Iƙamar ɗalibi ce da ni, wato izinin zama na karatu, ana miƙo shahada sai haɗa kaya. Daga nan tantance takardu a Abuja, sai bautar ƙasa. Kwance kwamfuta kuwa, shekara biyu na yi a shagon kawuna a Funtuwa, ni ne mai fomatin, ni ne mai faɗa da firinta, ni ne mai canza RAM da hadis. Turanci ina karantawa ba laifi, bakin ne dai ya ɗan yi nauyi tun da muka zo nan.

Malam Lawal:
Canza hadis? Ɗan Shari'a, kuma a gabana kake faɗa?

Sagir:
Na cikin kwamfuta, Malam, ba na Bukhari ba. A yafe mini.

Injiniya Bashir:
To madalla. Jerin nan da aka turo maka ba ƙarya ba ne, amma an tsara shi ne don wanda bai taɓa buɗe bayan kwamfuta ba, wanda kuma yake neman aiki a inda kamfanoni ke rubuta A+ a tallansu. A+ jarrabawa biyu ce, Core 1 da Core 2, kowacce da kuɗinta, kuma sai ka ci duka biyun ake ba ka shahada ɗaya. A farashin dala na CompTIA, masu shirya ta, biyun sun haura dala 500. Riyal a ɗaure yake da dala a kan 3.75, ka ga fiye da riyal 1,875 sun tafi a kan takardar da za ta shaida abin da shagon kawunka ya riga ya koya maka. CCNA kuwa, ta kamfanin Cisco, jarrabawa ɗaya ce, lambarta 200-301, dala 300, wato riyal 1,125, zama ɗaya na minti 120.

Sai abin da ɗalibai ba sa sakawa a lissafi. Duk shahadodin nan huɗu shekara uku suke rayuwa daga ranar da ka ci. Kai kana da shekara biyu da rabi a nan, ga watannin da takardu za su ci a Abuja, ga shekarar bautar ƙasa. Kusan shekara huɗu ke nan kafin ka tsaya gaban mai ɗaukar aiki da gaske. In ka rubuta bana, za ta mutu kana sanye da kaki.

Shawarata: ka karanta darussan Network+ ba tare da ka biya kuɗin jarrabawarta ba, Professor Messer ya zuba su kyauta a YouTube. In ka ƙare ka shiga CCNA da Jeremy's IT Lab, shi ma kyauta. Ka yi rajista a Cisco Networking Academy ka sauke Packet Tracer, manhajar gwada haɗa netwok a cikin kwamfuta, ba a biyan ko halala. Kuɗinka su kwanta a banki, sai zangonka na ƙarshe ka rubuta.

Abu Hanan:
Injiniya, lissafinka ya yi, amma kai a Riyad kake cikin ofis mai sanyi. Mu da muke hawa tsani a otal-otal na Makka wani abu daban muke gani. Ni ban ce ya biya kuɗin A+ ba, amma kada a sa masa raina aikin hannu. Yara nawa aka kawo mana da CCNA a CV, a miƙa musu kirimfa, abin matse kan kebul, da kan RJ45 na kebul ɗin netwok su tsaya suna kallon ka. Jerin launin waya ma ba su riƙe ba: fari da ruwan lemo, ruwan lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. A Packet Tracer kebul ba ya tsinkewa, ɓera ba ya cin sa, kuma ba wanda zai ja maka mita 130 ya rantse 90 ne, alhali mita 100 ce iyakarsa.

Bari in ba ku na bara. Ana saura kwana kaɗan a fita Mina, wani otal da muke kula da shi komai ya tsaya cak. Risafshan ba ta iya buɗe sunayen alhazai, kyamarori sun ɗauke, manaja yana ta ihu a waya. Na shiga ɗakin na'urori na ga fitilun suwic, na'urar da ke haɗa kwamfutocin ginin, duka suna ƙyaftawa tare kamar na gidan biki. Yaron da ke tare da ni, mai sabuwar shahada, ya buɗe laftof yana neman laifin rauta, na'urar da ke haɗa netwok da netwok. Na ce masa rufe, mu hau bene. Hawa na shida muka samu abin. Wani ma'aikaci ya ga kebul yana reto a bayan tebur, don gyara sai ya soke ɗaya bakin a ƙaramin suwic ɗin da ɗaya bakin yake ciki, irin suwic ɗin arha da ba ya gane madauki. Saƙo ya yi ta zagaye yana ninkuwa har ya shaƙe ginin gaba ɗaya. Na zare kebul ɗin, ko minti ɗaya ba a yi ba komai ya dawo. Yaron ya san STP, tsarin da ke hana irin wannan madauki, a takarda, ya ci tambayarta a jarrabawa, amma bai taɓa ganin yadda fitila ke yi in babu shi ba.

Injiniya Bashir:
Ai labarinka ni yake goya wa baya, Abu Hanan. A+ ba za ta koya masa wannan ba, STP a CCNA yake.

Abu Hanan:
A CCNA yake, amma a hawa na shida ake gane shi.

Mamman Damagaram:
Ina bin ku a hankali. Tambaya ɗaya, me ya sa kullum Cisco? Mu a Nijar masu raba intanet a unguwa kayan kamfanin MikroTik suka fi riƙewa, manyan kamfanonin waya kuma kayan Huawei ne cike da su.

Injiniya Bashir:
Gaskiyarka, Mamman, a Najeriya ma haka abin yake. Huawei suna da tasu, HCIA-Datacom, da manhajar gwajinsu eNSP. MikroTik suna da MTCNA, sai dai ita dole ka zauna kwas a gaban malamin da suka amince da shi kafin ka rubuta. Abin da ya sa nake tura yara CCNA shi ne tushen ɗaya ne. VLAN, OSPF, DHCP, rabon adireshi, ba na Cisco ba ne, na kowa ne. A umarnin da ake rubuta wa na'ura, inda Cisco ke cewa show, Huawei na cewa display. Wanda ya gane abin da yake nema, mako biyu sun ishe shi ya saba da sabon baki.

Ummu Amira:
Salamu alaikum. Yanzu na taso daga aiki na tarar da zancen ya yi nisa. Yaya Bashir, ni ban yarda da "kuɗinka su kwanta sai zangon ƙarshe" ba. Na san kaina kuma na san ɗalibai. Karatun da ba shi da ranar jarrabawa ba ya ƙarewa. Ni sau uku ina fara CCNA ina tsayawa a daidai rabon adireshi, sai ranar da na biya kuɗi na ga kwanan wata a imel ɗina, sannan na zauna da gaske. Kuma zangon ƙarshe shi ne mafi muni, ga bahasin kammalawa, ga jarrabawar kulliya, ga zirga-zirgar takardun tafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sagir, akwai CCST Networking ta Cisco ɗin dai, ta masu farawa ce, dala 125, wajen riyal 470. In kana son ka ɗanɗana zaman jarrabawa ba tare da ka saka dubu da wani abu a wuta ba, ka duba ta.

Injiniya Bashir:
Hajiya, CCST a 2023 ta fito, masu ɗaukar aiki da yawa a gida ko sunanta ba su sani ba. Riyal 470 kusan rabin kuɗin CCNA ne.

Ummu Amira:
Ban ce don mai ɗaukar aiki ba, don shi kansa na ce. Amma na ji, kuɗinsa ba su da yawa. Abu ɗaya dai da nake so ya sani tun da wuri, don kada wani ya ruɗe shi: mu masu jinsiyyar Saudiyya, asusun gwamnati na Hadaf yana mayar mana da kuɗin wasu shahadodin in mun ci, shi ya sa za ka ga yaranmu na Jidda suna jera su kamar kwanukan amarya. Wannan tallafin na 'yan ƙasa ne, baƙon ɗalibi mai minha, wato tallafin karatu, ba ya ciki. Kada ka auna tafiyarka da tasu.

Abu Hanan:
Kuma ko da ya so zama, ƙofa tana ta ƙara ƙunci. Tun 2016 aka mayar da sayar da waya da gyaranta na 'yan ƙasa zalla, mutanenmu da yawa a nan Makka da wannan sana'ar suke ci. Daga baya sa'uda, wato ware ayyuka ga 'yan ƙasa, ta shigo ayyukan kwamfuta da sadarwa ma. Gara da ya ce gida zai koma, sai ya yi shirin gida.

Nura KD:
Ni fa kuna ba ni mamaki wallahi. Duk wannan dogon Turancin na me? Sagir, ka samu damps na wannan watan, ka haddace mako uku, ka je ka ci. Kai da ka haddace matani nawa a kulliya, tambaya ɗari biyar za ta gagare ka? In ka samu aiki ka koya a can. Kowa haka yake yi.

Malam Lawal:
Nura, fassara mana damps ɗin nan don waɗanda ba 'yan fannin ba.

Ummu Amira:
Tambayoyin jarrabawar ne na gaske, Malam. Waɗanda suka shiga suke sato su, a tara a sayar da amsoshinsu.

Malam Lawal:
To ai wannan ba ya buƙatar dogon bincike. Satar amsa ce aka canza wa suna. Hadisin yana cikin Sahihu Muslim, wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kuma algus ɗin biyu ne, ka yi wa masu jarrabawar, sannan ka yi wa wanda zai ɗauke ka aiki yana zaton ka iya. Albashin da za a ci da wannan takardar fa?

Nura KD:
Malam, da girmanka, wannan tsanani ne. To tambayoyin shekarun baya da muke bi a WAEC da JAMB su ma haramun ne?

Injiniya Bashir:
Ba ɗaya ba ne, Nura. Waɗancan an gama da su, an sake su ga kowa. Waɗannan suna kan aiki, kuma kafin a buɗe maka tambaya ta farko sai ka danna ka amince ba za ka fitar da su ba. Alkawari ne ka ɗauka. In aka gano, ana iya soke shahadar a hana ka sake zama. Akwai tambayoyin gwaji na halas da kamfanoni ke rubutawa da kansu, irin su Boson, waɗannan ba wanda ya hana.

Amma bar batun hukunci, ga tambaya. 192.168.10.77/26. Mene ne adireshin netwok ɗin, mene ne na burodkas, kwamfuta nawa zai ɗauka? Ba kalkuleta. Ni da ita nake buɗe intabiyu.

Nura KD:
Netwok 192.168.10.0, burodkas 255, kwamfuta 254.

Injiniya Bashir:
Wannan amsar /24 ce. Kai da ka ce mana kana da CCNA tun bara.

Nura KD:
Ina tuƙi ne, ban duba da kyau ba.

Abu Hanan:
To ajiye wayar, kada kyamarar Sahir ta kan titi ta ɗauke ka hoto, tarar ta fi kuɗin damps.

Sagir:
Bari in gwada, Yaya. /26 yana nufin an ari biyu daga takwas na ƙarshe, saura shida, biyu sau shida a ninke 64. To gidajen suna farawa daga 0, 64, 128, 192. 77 ta faɗa gidan 64. Netwok 192.168.10.64, burodkas 192.168.10.127, a cire biyu saura 62. Na ɗan jima ina lissafi a bayan littafin Fara'id.

Injiniya Bashir:
Daidai. Wanda ya iya rabon gado, rabon adireshi ba zai gagare shi ba. Yanzu saura sauri, don a jarrabawa wannan bai kamata ya ci maka fiye da daƙiƙa talatin ba. Kuma ka sani, a CCNA in ka wuce tambaya ta wuce ke nan, ba komawa baya. A CompTIA ne ake sa wa tambaya alama a dawo mata.

Usman Gadarif:
Salam ya jama'a. Ni ba na yawan magana a nan, amma wannan ta taɓa ni. Injiniya, shawarar da ka ba Sagir ita ce daidai wadda na ba kaina a Khartum. Ina shekara ta uku, na gama kwas ɗin CCNA kaf, na haɗa ɗan lab a ɗakina, suwic biyu da rauta ɗaya da na saya na hannu. Na ce ba zan rubuta ba sai na kusa fita, don kada shekara ukun ta tafi a banza. Abokina da muke karatu tare bai saurare ni ba, ya ci bashi ya rubuta.

Ranar Asabar 15 ga Afrilu 2023, muna cikin azumi, muka tashi da ƙarar harbi. Kwana tara muna kwance a ƙasan ɗaki. Da muka samu mota zuwa Madani, jaka ɗaya na ɗauka. Lab ɗin, littattafan, kuɗin jarrabawar da na ɓoye a cikin kwalin rauta, duk suna can, ko kuma ba sa can, Allah ne masani. Karatu ya tsaya, ba shahada, ba ko takardar sakamakon shekarun da muka yi a hannunmu. Abokin nan nawa, abu ɗaya da ya rage masa wanda wani zai iya tabbatarwa shi ne CCNA, saboda ita ba a cikin ofis take ba, a intanet take, mai ɗaukar aiki zai duba ya ga sunanka da ranar da ka ci. Da ita ya samu aiki da wata ƙungiyar agaji a Port Sudan. Ni sai da na shekara ina gyaran waya a kasuwar Gadarif kafin yayana ya samo mini bizar zuwa Jidda.

Ban ce yaƙi zai zo Madina ba, Allah ya tsare garin Manzo. Amma ciwo yana zuwa, rasuwa a gida tana zuwa, kuɗin da aka ajiye kuma kowa ya san yadda suke yi in waya ta zo daga gida. In ka shirya ka rubuta kawai.

Malam Lawal:
Allah ya mayar muku da alheri, Usman, ya kawo wa Sudan zaman lafiya.

Ummu Amira:
Amin ya Rabbi. Usman, ka sake rubutawa kuwa?

Usman Gadarif:
Wata huɗu da suka wuce, Anti. Alhamdu lillahi na ci. Sai da na sake karatun kusan daga farko, don a 2024 sun ƙara wasu abubuwa a manhajar, har da ɗan bayani kan AI.

Injiniya Bashir:
Usman, ba ni da abin cewa a kan wannan, ka fi ni gaskiya. Na yi lissafi kamar shekaru suna tafiya a kan layi. Kuma in za a yi adalci, mutuwar shahadar ba dole ba ce. Cisco suna karɓar makin ci gaba da karatu, maki 30 suna sabunta CCNA ba tare da an sake zama ba, kuma lokaci-lokaci suna sakin kwasa-kwasan kyauta masu ba da makin. In kuma ya ci ɗaya daga jarrabawar CCNP, matakin da ke gaba da CCNA, kafin ta ƙare, ita ma tana sabunta ta. Sai dai yana buƙatar ya sa ido, don in ranar ta wuce ko da kwana ɗaya ne, sai sabon zama.

Inda ban janye ba shi ne A+ da jera shahadodi huɗu. Ɗaya ya riƙe da kyau.

Abu Hanan:
Ka ga Injiniya ya sauko daga bene, a rubuta ranar.

Mamman Damagaram:
To Security+ fa? Kowa yanzu maganar tsaron intanet yake.

Ummu Amira:
Ita nake aiki da ita yanzu, kuma ina son ta. Amma wanda bai san yadda saƙo ke tafiya daga wannan kwamfuta zuwa waccan ba, me zai tsare? Bayan CCNA na yi ta, kuma sai ta zo mini da sauƙi, don rabin abin da ke ciki na riga na taɓa shi a lab. Masu fara ta da farko haddar gajerun sunaye kawai suke yi. Sagir ya bar ta sai ya fara karɓar alawus ɗin bautar ƙasa, ko wurin aiki su biya masa.

Sagir:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na fahimta, a gyara mini. Daga yanzu zuwa ƙarshen wannan zangon zan bi darussan Network+ a hankali, awa ɗaya bayan Asuba, ban da makonnin jarrabawar kulliya. Hutun bazara ba zan je gida ba bana, zan zauna in yi CCNA da lab kullum. In na fara cin tambayoyin gwaji da kyau sai in biya in sa rana, kafin sabon zango ya yi zafi. Kuɗin kuma 1,125 sau biyu 2,250 ne, ke nan ina da na zama biyu in ta ƙi a karon farko.

Ummu Amira:
Ka manta dariba, wato harajin VAT. Kashi 15 ce a nan tun 2020. Ka lissafa kowane zama a kan wajen 1,294, in ba a ɗora maka ba ka ci riba. Biyu ke nan sun kusa 2,600, ka ga da sauran tsimi.

Sagir:
Inna lillahi. Burost ya ƙara nisa.

Injiniya Bashir:
In ta ƙi ma ba a sake zama washegari, sai kwana biyar sun wuce. Amma kada ka shiga da niyyar zama biyu. Ka kuma tambaya ko kulliyar kwamfuta ta jami'arku ko wani ma'ahad a Madina suna koyar da kwas ɗin Networking Academy mai malami, don masu gama shi da maki mai kyau suna samun rangwame a kuɗin jarrabawar.

Usman Gadarif:
Abu biyu daga wanda bai daɗe da fitowa ba. Na farko suna. Yadda ka rubuta sunanka a rajistar Pearson VUE, masu gudanar da jarrabawar, dole ya zama harafi da harafi yadda yake a fasfo. Mu da iƙama ke rubuta Mohammed, fasfo na rubuta Muhammad, wani kuma sunan kaka ya shigo tsakiya, ka duba wannan tun kafin ka biya, kuma ka tafi da fasfo da iƙama duka. Na biyu, kada ka rubuta a ɗaki ta kyamara in a sakan, wato masaukin ɗalibai, kake. Wani ɗan'uwa a nan Jidda ya yi haka, ya share tebur, ya ɗauki hoton ɗakin ta kowane gefe, yana tsakiyar jarrabawa abokin ɗakinsa ya turo ƙofa da sallama yana tambayar ina cajarsa. Doka ta ce ba mai shigowa, nan take aka rufe, kuɗin suka tafi. Ka je cibiya, ka sa kayanka a loka, hankalinka kwance.

Nura KD:
Ni dai na faɗa muku, duk wanda ya je ba damps sai ya biya sau biyu.

Usman Gadarif:
Sau ɗaya na biya, Nura.

Malam Lawal:
Nura, an rufe wannan babin. In kana da sauran magana ka same ni ta gefe.

Abu Hanan:
Sagir, ina da tsohon suwic 2960 guda biyu da muka cire a wani gini, suna aiki, fankar ɗaya ce dai take ƙara kamar injin markaɗe. A shafin ciniki na Haraj ma ana samun irinsu da arha, amma kada ka saya, zan ba ka aro har ka gama. Zan haɗa maka da kirimfa da kawunan RJ45 da guntun kebul, ka yi ta yankewa kana matsewa har hannunka ya daina rawa. Sharaɗi ɗaya, ka haɗa madauki da gangan, ka kashe STP, ka zauna ka kalli fitilun. Amma kada ka kuskura ka soke shi a netwok ɗin sakan, kada a kore ka a ce ni ne.

Sagir:
Wallahi na rasa bakin godiya, Yaya. Ya zan karɓa?

Abu Hanan:
Akwai direban da ke kawo masu ziyara Madina duk Alhamis, zan ba shi. Kebul ɗin konsol, wanda ake haɗa laftof da suwic da shi don ba shi umarni, shi ne ba ni da na USB.

Malam Lawal:
Akwai wani shuɗin kebul mai faɗi da wani ɗalibi ya bari a ɗakina da zai tafi, shekara biyu ina ɗaure kwali da shi. Ko shi ne?

Injiniya Bashir:
Shi ne, Malam. A kwance kwalin a hankali.

Sagir:
Na sauke Packet Tracer tun ɗazu. Na haɗa kwamfuta biyu da rauta, na ba kowa adireshi, amma ping, saƙon gwaji, ya ƙi tafiya, alamar da ke kan kebul ɗin kuma ja ce ta ɓangaren rautar. Na duba adireshin sau uku.

Ummu Amira:
Kada kowa ya faɗa masa.

Abu Hanan:
Rubuta show ip interface brief ka karanta mana abin da ke layin ƙarshe na dama da wanda ke kafinsa.

Sagir:
Ya ce administratively down, sai down. An kira Isha'i, zan duba in na dawo. Malam, in same ka a ƙofar Sarki Fahad bayan salla?

Malam Lawal:
Ka same ni. In ka ga mutum da shuɗin kebul a aljihun jallabiya, ni ne.